Harafin da Gara Ta Bar Mini

Muna idar da sallar asuba a masallacin Takur a nan Dutse muka kama hanyar Aujara, ni da ɗan baffana da jakinsa. Ku da kuke ɗaukar karatu a zauren nan kun dame ni da tambaya tun da na dawo, wai me ya fitar da ni gari ana tsakar yankan gero, kuma me ya sa na dawo ba na son magana. To ga shi na rubuta muku. Kowa ya karanta ya ƙyale ni in huta.

Kun san Baturen rangadin da ya sauka a bariki a gindin dutse, yana tara tsofaffi yana tambayarsu labarin yaƙe-yaƙen da, tafinta yana juya masa, shi kuma yana zubawa a littafi. Cikin waɗanda suka je har da wani dattijo mai rawani a garin nan, ba sai na faɗi sunansa ba. Shi ya gaya wa Bature cewa ranar da maharan duwatsun Ningi suka ƙwace mashigin rafin da ke kudu da mu, laifin mai riƙe da tuta ne, wai ya yar da ita ya juya da gudu, aka soke shi ta baya. Mai tutar nan kuwa yayana ne, Haruna. Ina ɗan shekara goma aka yi abin. Mahaifinmu shi ne limamin rundunar, a gabansa aka yi komai. Ya dawo gida ya yi sadaka, bai sake ambaton zancen ba, domin Haruna ɗan fari ne, kuma a gidanmu ko yana raye iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, balle ya mutu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye shi bayan na girma, ya ce, "Na rubuta." Littafin da ya rubuta ɗin kuwa, na yaƙe-yaƙen da ya gani da idonsa, ya ara wa wani malami abokinsa a Aujara ya kwafa, ajalin mahaifinmu ya riga littafin dawowa.

Malamin da ke yi wa Baturen rubutu, wani Bakano mai kirki, shi ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mutumin nan in ya ga takarda ba ya jin baki. Kwana shida ya rage masa. Ka kawo hannun mahaifinka, zai soke abin da ya rubuta." Inna ta ji zancen dattijon a bakin mata wajen rijiya. Da zan fita ta miƙo mini ƙullin dabino ta ce in gaida mutanen can, ta koma ɗaki.

Kafin hantsi duwatsun garinmu sun koma bayanmu, ƙasa ta baje, sai gonaki iya ganinka. Gero ya nuna, ana ta kwantar da shi, dawa kuwa tana tsaye da sauran kwana. Jakin ɗan baffana dai ya fi mu sanin hanya, ya kuma fi mu ra'ayi. Duk tsamiyar da aka taɓa sauke masa kaya a gindinta tun yana ɗan aholaki sai ya tsaya ya yi mata gaisuwa. Ubangidansa ba ya dukansa, sai dai ya tsaya yana yi masa nasiha. Ni da nake lissafin kwanakin Bature a zuci, na ce masa in wa'azi ke sa jaki tafiya da malamai sun fi kowa arzikin fatauci. Ya ce in haushi ke sa shi tafiya ma in gwada.

Mun ɗan bi sabuwar hanyar da aka share wa Bature. Miƙaƙƙiya ce, ba ta kauce wa gona, ba ta kauce wa kuka, ba ta kuma bi ta rijiya ko ɗaya ba, domin wanda aka yi wa ita ana ɗauko masa ruwansa a ka. Muka tarar da magidanta kusan talatin suna sassabe a kanta, geronsu na can a kwance tsuntsaye na biki. Na yi musu sannu da aiki, wani ya ɗago ya ce, "Aikin wa, Malam?"  Muka koma tsohuwar turba mai lanƙwasa, wadda ta san inda ruwa yake.

Da rana ta take muka sha fura a wani ƙauye mai ganuwa. Na ce mai ganuwa don girmamawa ne kawai. Ta zube ta ko'ina, mutane na haƙar ƙasarta suna yaɓe rumbu, awaki na hawa suna sauka. Ƙofar da a da ake rufewa tun la'asar, yanzu ko ƙyaure babu. Ban ce zaman lafiya ba daɗi ba. Amma na tsaya ina kallon katangar nan ina tunanin yawan mutanen da suka mutu a bayanta, ga shi ba a ma san wanda zai faɗi sunan ɗaya ba. Mai furar tsohuwa ce, furarta ta ji yaji da nono mai kauri. Ɗan baffana ya miƙa mata kuɗin Nasara mai huda, ta juya shi ta ce ita wuri ta sani, wannan sai dai a rataya wa akuya. Da dabinon Inna muka biya ta.

A wani gari muka kwana, a zauren limaminsu. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawa ta yi wa yawa, tsofaffi suka taru jin baƙi. Da suka ji abin da ya fito da ni sai zance ya koma yaƙi. Wannan ya kashe bakwai, wancan shi kaɗai ya tare ƙofa, wani ya nuna mini tabo a ƙwauri wanda ko makaho ya shafa ya san miki ne. Ban ji ko mutum ɗaya da ya ce shi ya gudu ba. Na ce a raina, ashe duk waɗanda suka gudu su ne suka mutu, waɗanda suka tsaya ne suka tsira da tsufansu suna cin tuwo.

Kashegari da walaha muka shiga Aujara. Gari ne na manoma, rairayi har idon sawu, rijiyoyinsu da zurfi, dammunan gero jingine a kowane danga. Mutanensu da saurin karɓar baƙo, kafin mu gama tambayar gidan an riga an ba jaki harawa. Amma gidan malamin ya zama kufai ta gaba. Inda ake kunna wutar karatu ciyawa ta fito. Aka ce ai malam ya yi gabas shekarar da Nasara suka shigo, shi da iyalinsa, har yau ba labari. Ƙaninsa ne ya rage a gidan, wani tsoho siriri da ake kira Malam Ƙarami. Sunan gado ne kawai, karatunsa bai wuce haɗa baƙi ba, noma ya yi duk rayuwarsa.

Muka gaisa, na faɗi ko ni ɗan wane ne. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da gafaka wadda na gane tun daga nesa, domin ni na shafa mata man shanu da hannuna ina yaro. Ya ajiye a gabana ya koma can gefe ya zauna.

Kun san littattafanmu ba a ɗinke su. Warƙa ce a kan warƙa, abin da ke riƙe da su kawai shi ne kalma ɗaya da marubuci ke sawa a gindin shafi, wadda ita za ta fara warƙar da ke biye. Da ita ake gane abin da ke bin wani in sun hargitse. Waɗannan kuwa sun hargitse iya hargitsewa, gara ta ci gefensu, ɗigon ɗaki ya taɓa wasu. Daga azahar har la'asar sakaliya ina bin kalma ina jerawa. Hannun Malam mahaifina ne, da ajami, da irin jan alƙalaminsa mai kwanciya hagu. Bai rubuta kirarin kowa ba. Ya rubuta wace rijiya aka sha, wane gari ya hana su hatsi, wa ya mutu, ɗan wane ne, a ina aka binne shi. Har bayi ya sa sunayensu. Amma ina jerawa ina cin karo da giɓi: kalma ta kira warƙa, warƙa ba ta amsa ba.

Can na kai ga ranar mashigi. Na karanta yadda mahara suka ɓullo ta cikin dawa, yadda masu doki suka watse, har da sunan dattijonmu mai rawani, cewa shi ya fara juya linzami. Layin ƙarshe na shafin ya ce: "Shi kuwa Haruna mai tuta, da ya ga sun hau mu, sai ya". Nan shafi ya ƙare. Na duba gindinsa don in ga kalmar da ke biye. Gara ta cinye kusurwar, ba ta bar mini komai ba sai harafin farko, tsa. Malam kuwa ba ya sa wasali a kalmar gindi. Tsaya da tsere, da harafin nan ɗaya suke farawa. Na zazzage gafaka, na bi warƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya har sau uku. Wadda ke biye ba ta nan.

Na juya ga tsohon, kuma ba na ɓoye muku, muryata ta fi ƙarfin ladabina. Na ce, "Baba, ina sauran?"

Ya ce, "An sha, Malam."

Na ce, "An sha me?"

Ya ce, "Takardun. Da labari ya zo Nasara sun doso, Yaya ya riga ya tafi. Samarin garin nan suka cika mini ƙofa, wai gidan malamai ne, lalle an bar maganin bindiga. Na ce ba ni da komai, suka ce ɓoyewa nake. Sai na buɗe wannan ina haɗa baƙi a hankali. Na ga an rubuta, muka ci Nasara. Na duba wata, Allah ya ba mu Nasara. Na ce Allahu akbar, ashe malamin Dutse ya hango su tun ba su zo ba, ya bar mana asirinsu. Duk warƙar da na ga kalmar nan a ciki na ware ta. Ban iya kwafa a allo ba, lokaci kuma ya ƙure. Na jiƙa su a ƙwarya, na tace, suka sha."

Nasarar yaƙi mahaifina yake nufi. Bayan an rasa mashigi, kashegari sun taru sun kori maharan, kowa ya san wannan, lalle a warƙar nan ya faɗe shi, ƙasa kaɗan da labarin Haruna. Kalma ɗaya ta ja wa ɗaya. Na buɗe baki zan gaya wa tsohon nan abin da ya yi, da irin maganar da na tanada tun daga maƙogwaro har ciki, sai ya riga ni. Ya ce, "Su goma sha huɗu suka sha. Biyu 'ya'yana ne. Suka tafi suna murna, ko garkuwa wasu ba su ɗauka ba. Mutum ɗaya ya dawo." Daga baya ne wani malami mai wucewa ya karanta masa sauran ya gaya masa ko mene ne littafin. Tun ran nan bai sake buɗe gafakar ba.

To ku gaya mini, ina zan kai fushina? Na yi tafiyar kwana biyu da shi, ga wanda ya yi ɓarnar a gabana, kuma ya riga ya biya abin da ya fi ƙarfin duk abin da zan ce. Haka na haɗiye shi, yana nan a cikina har yanzu.

Da safe aka kira mini wanda ya dawo ɗin. Magidanci ne yanzu, hannunsa na dama ya shanye tun daga kafaɗa, aikin bindiga mai ruwa ta Nasara. Na san wauta ce, amma na tambaye shi ko ya ga rubutun kafin a jiƙa, ko wani ya karanta a gabansu. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni ko alif ban sani ba. Abin da na sani, da ɗaci. Har muka ce ɗacin nan shi ne alamar ƙarfinsa." Na dube shi na ce a raina, ga mutumin da labarin yayana ya bi ta maƙogwaronsa, kuma ba shi da abin da zai gaya mini sai ɗanɗano.

Malam Ƙarami ya rako mu har bayan gari da gafakar a hannunsa, ya ƙi bari jaki ya ɗauka. Da za mu rabu ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma ina roƙon Allah ya sa gaskiya na faɗa.

Muka kama hanyar dawowa. Da muka sauka a gindin wata ɗorawa ɗan baffana ya ce, "Ɗan'uwa, hannunka da na Baffa ai ɗaya ne, shi ya koya maka. Ga sauran farin takarda a gefen harafin. Harafin ya ɗaya za ka ƙara. Wa zai sani? Dattijon nan ƙarya ya yi da baki ya wuce lafiya, kai da kake da gaskiya za ka tsaya kunya?" Wallahi na fito da tawada. Na fiƙe alƙalami, na gwada a bayan hannuna, ya fito kamar Malam ne ya tashi ya rubuta. Na daɗe da warƙar a cinyata. Abin da ya hana ni ba tsoron Bature ba ne, ba kuma tsarkin zuciya ba. Na tuna mutumin da ya rubuta sunan bayi, ya rubuta garin da ya hana su hatsi ko da na danginsa ne. Idan Haruna ya tsere, Malam zai rubuta ya tsere. Ni kuwa ban sani ba. Shekara ashirin da wani abu ina rantsuwa a kan abin da ban gani ba, sai ran nan a gindin ɗorawa na gane haka. Na mayar da alƙalami. Ɗan baffana ya yi tsaki, ya ce wa jakinsa su tafi, su da ba su yi karatu ba.

Na isa bariki ana saura kwana ɗaya Bature ya tashi. Ya karɓe ni da fara'a, har kujera ya sa aka ba ni. Malaminsa ya karanta masa shafin, tafinta ya juya. Da aka zo kan sunan dattijo da juya linzami sai ya ɗaga gira, ya ce wannan tsohuwar magana ce tsakanin gidaje, shi ba zai shiga ba, dattijon yana yi wa hukuma aiki da kyau. Game da Haruna kuwa, ya ce rabin kalma ba shaida ba ce. Sannan ya shafa takardar ya yaba kyan hannun, ya tambaya ko zan bar masa littafin ya kai garinsu, inda ake adana irinsu a ɗakin da gara ba ta shiga. Na ce a'a. Ina kallon nasa littafin a kan tebur, ɗinkakke, da bango mai tauri, kowane shafi da lambarsa. Ba mai zare masa warƙa, ba mai jiƙa shi. A ciki yayana ya yar da tuta, kuma haka zai yi ta yar da ita har bayan jikokinmu.

Daga nan na wuce gida. Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi mutanen can, ta tambayi jaki. Sai da tambaya ta ƙare mata sannan ta dubi gafakar ta ce, "Hannunsa ne?" Na ce nasa ne. Ta ce, "Karanta." Na karanta mata shafin tun daga sama. Da na zo kan sunan sai mazarin ya tsaya a hannunta. Tun ranar suna ba na jin an taɓa faɗinsa da ƙarfi a gabanta a cikin gidan nan. Na kai ƙarshen layi na tsaya. Ta ce, "Sai ya me?" Na gaya mata gaskiya, har da gara, har da ƙwarya. Ta karɓi warƙar, ita da ba ta karatu, ta ce in nuna mata wurin. Na ɗora yatsanta a kan harafin. Ta daɗe tana shafa shi.

Ta ce, "Yaron nan ko ruwan sama ya tarar da shi a gona ba ya gudu. Sau nawa na dake shi a kan haka."

Ba ta mayar mini da warƙar ba. Ta buɗe kwallarta ta sa a ƙasan zannuwan da ta ajiye na likkafaninta, ta rufe.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. An ci mu sau ɗaya da bindiga, kowa ya gani. Yanzu ana sake cin mu da alƙalami, mu da kanmu muke kai labarin, wanda ya fi kowa gudu shi ke zaune a gaba yana bayarwa. Namu da aka rubuta da gaskiya kuwa mun ajiye kwafi ɗaya tak a hannun wanda ba ya iya karantawa, muka bar wa gara da tsoro. Saboda haka daga gobe karatun safe ya tsaya. Kowannenku zai zo da tawada da takarda, mu raba abin da ya rage na littafin Malam, kowa ya kwafa, mu yi bakwai, a kai gari bakwai. Shafin mashigi ni zan yi muku shifta da ka, domin ba mai sake fito da shi daga kwallar Inna. In kun zo gindinsa ku rubuta tsa, ku ɗaga alƙalami. Wanda na kama ya ƙara harafi, ya nemi wani malamin.